Ɗiyar Garba da Ake Kira Yawuri

Tun da na dawo daga Gana ban samu na kwance inji ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya jawo benci ya ce, "To Ummaru, ya ƙasar?" In na fara, sai wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma masa farko. Na gaji da komawa farko. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni makanikin injin jirgin ruwa ne a bakin ruwan Yelwa, wato garin Yawuri. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Sakkwato ba. Kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba.

Ina da wa, Garba, ya girme ni da shekara bakwai. Shekara ashirin da takwas ke nan da jirgin babanmu ya daki kututture a hanyar Wara, can ƙasar Ngaski, ya nutse da injinsa da buhunan geron mutane. Ba wanda ya mutu. Amma jirgin shi ne duk abin da baba ya mallaka, kuma da aka tambaya Garba ya ce shi ke riƙe da inji. Baba ya tsaya a bakin ruwa, gaban jama'a, ya ce kada ya sake ganinsa a gidansa. Garba ya shiga gida ya ɗauki riga biyu ya fita. Da baba ya rasu bayan shekara shida, ba mu san inda za mu aika a faɗa masa ba.

Bana da kakar albasa wani Alhaji Mamman, haifaffen Kumasi da ke zuwa sayen albasa duk shekara, ya zauna a rumfata yana jiran jirgin da zai kawo masa kaya daga tsallake. Cikin hira ya ce, "Ka san abin dariya? A Yeji can Gana, inda nake cin abinci in na je kasuwar kifi, akwai yarinyar da sunanta sunan garin nan naku. Yawuri ake kiranta."

Na ce, "Ɗiyar wa?"

Ya ce ubanta wani Bahaushe ne mai jirgi, ana ce masa Garba Mai Inji, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Na tambaye shi kamanninsa. Ya ce dogo ne, baƙi, ba ya son magana, kuma babban yatsansa na hagu guntu ne. Igiyar koma, ragar kamun kifi, ita ta cire wa Garba wannan yatsa, ina tsaye kusa da shi.

Da na kai labari gida, ba rasuwar aka fi tattaunawa ba, domin an daɗe da cire rai. Sunan aka kama. Matata ta ce ita ba ta yarda ba. "Wane uba zai sa wa ɗiyarsa sunan gari kamar motar haya?" Limamin masallacinmu ya ce wannan ba suna ba ne, laƙabi ne, dole akwai na yanka a ƙarƙashinsa, in kuwa laƙabi ne babu laifi. Inna mahaifiyarmu, wadda idonta ya yi rauni har ba ta gane mutum sai ya yi magana, ba ta ce komai a kan sunan ba. Ta yi salati, ta yi wa Garba addu'a, sannan ta juyo inda ta ji numfashina.

"Mi kake jira?"

Ita ta sa aka cika kwali da bandar tarwaɗa. Na ce mata Alhaji ya ce garin kifi ne za ni. Ta ce, "Nasu daban, namu daban."

Alhaji Mamman ya ba ni wuri a gaban motar albasarsa, tsakaninsa da direba, wani Isiyaku. Mun bar Yelwa bayan sallar asuba. Wanda bai taɓa kwana biyu cikin motar albasa da bazara ba ba zai gane ba in na ce har yau akwai rigar da matata ta hana ni sawa.

Ba mu fita ƙasar Shanga ba taya ta fashe. Muka zauna a inuwar wani gidan manoma da ke bakin hanya, matan gidan suna shigowa da itace a kafaɗa yadda mutanen tudu ke ɗauka. Maigidan, dattijo mai ɗan gicciye a wuya, ya sa aka kawo mana kunu. Alhaji, wanda ba ya iya riƙe labari, ya faɗa masa abin da ke tafe da ni. Dattijon bai ga abin mamaki ba. Ya ce shi ma ƙanwarsa Kwantagora ake ce mata, saboda a can aka haife ta, kuma ta tsufa da sunanta lafiya.

Isiyaku ne ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu ya ce, "Ni dai duk macen da na sani da sunan gari, a tasha na san ta."

Alhaji ya ce, "Kai Isiyaku, ɗiyar wansa ce fa."

Ya ce shi bai ce komai ba. Amma da muka hau hanya na tuna cewa a makarantar firamare ni kaina sunan garin nan aka rubuta min a bayan sunana, haka rabin ajinmu, kuma ba wanda ya taɓa yi mana wannan zato. Namiji ya ɗauki gari ya liƙa wa kansa, an ce asalinsa ne. Mace ce kawai ake tambaya ina ta samo shi.

Daga Koko muka yi yamma, muka haye gadar Kwara kusa da Bagudo, muka isa Tsamiya da la'asar. Nan ne iyaka. Na yi zaton zan ga katanga ko ƙofa. Sanda ce a gicciye da rumfa. Aka duba takardata da katin allura, aka buga tambari, muka wuce. Abin da ya nuna min na bar gida shi ne burodi. A Segbana, garin farko na Benin, burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi, kuma ba a leda yake ba, a hammata ake ɗaukarsa. A Parakou kuma na ga mata manya da goyo suna tuƙa babur cikin kasuwa, ba mai ko ɗaga kai ya dube su.

A Zugu muka sauka gidan wata Hajiya da ke saukar da fatake. Ta ce kakanninta Hausawa ne da suka biyo hanyar goro suka zauna, amma Hausarta sai ka kasa kunne. Ta ba mu sakwara da miyar gyaɗa, da wani abu soyayye da na ɗauka awara ce. Cukun Fulani ne, wagashi suke ce masa. Na ci uku kafin in tambaya. Ɗakin baƙin ba shi da laifi, sai dai ƙofarsa ba ta rufuwa, kuma da safe na tarar kyanwar gidan ta huda kwalin Inna ta yi gaba da tarwaɗa biyu. Hajiya ta ba ni haƙuri tana dariya, ta kawo tsumma ta toshe ramin da kanta. Ita ra'ayinta a kan sunan gajere ne. Ta ce, "Mai kewa ne ya sa shi. Mu nan da muke zaune a ƙasar wasu mun san abin." Alhaji ya ce a'a, ai mai kewa komawa yake yi. Suka yi ta musu ina ɗaure kwali.

A Togo agogona ya zama maƙaryaci. Na ga azahar ta yi, na yi alwala na zauna jiran ladan, shiru. Har na fara cewa a raina mutanen Kara ba su damu da salla ba, sai Isiyaku ya ce in mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Iyakar Gana a Tatale ce kaɗai inda aka tsare ni, kuma laifin bakina ne. Jami'ar da ke tambaya mace ce, ta iya Hausa.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Yawuri."

"Wurin wa za ka?"

"Wurin Yawuri."

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta sake tambaya a hankali, yadda ake yi wa kurma, na sake ba ta amsa ɗaya. Ta nuna min benci ta ce in zauna sai na tuna inda za ni. Na yi kusan awa a kan bencin nan kafin Alhaji ya gama da takardun albasa ya zo ya warware mata. Ta yi dariya har ta kira abokiyar aikinta. Da za ta miƙo min takardata ta ce ƙanwarta Madina ce, kuma ba wanda ya taɓa cewa sunan gari ne. "Sai in garin naku ne ba ku ɗauke shi da daraja ba."

A Yendi muka rabu da motar albasa, su suka yi Tamale. Alhaji ya ce in na sauka daga jirgin fito a Yeji in tambayi Memuna mai wace. Wace ita ce shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Da farko na ga kamar an haɗa ragowar abincin gida uku. Kafin in bar ƙasar ita nake nema kowace safiya.

Na kwana a Salaga, a zauren wani tsohon malami da aka nuna min a masallaci. Tunda na ji sunan garin nake danne dariya, domin kowa ya san abin da muke kira salga a gida. Ashe tsohon ya riga ni. Da safe muna shan koko ya ce, "Na ga bakinka tun jiya. Kakanninku sun zo nan sayen goro, suka ga rijiyoyinmu, suka koma da sunan garinmu suka sa wa bayan gida." Na rasa inda zan sa kaina. Da na ba shi labarin yarinyar sai ya ce, "To ku gode Allah. Naku garin mutum aka sa wa."

Daga nan zuwa Makango ba nisa. Can ne bakin tafkinsu, inda babban jirgi ke ɗaukar motoci da mutane ya haye da su Yeji. Ni abin da na duba shi ne injinan ƙananan jirage, kuma irin namu ne, har da irin ɗaurin waya da muke yi in murfi ya karye. Tafkin ma na dam ne kamar na Kainji. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya ci suna tsaye a tsakiya, masu jirgi na kewaye su. Duk faɗin duniya, irin wurin da ya bari Garba ya nemo ya zauna.

Ban sha wuyar samun rumfar Memuna ba. Wata mata ce ke zuba abinci, na yi sallama na ce Yawuri nake nema. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ya tafi bakin ruwa, yanzu zai dawo." Na ce a raina ko dai Alhaji ya yi kuskure, namiji ne. Sai daga baya na gane Hausar can ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne. Maganarsu da zan kawo a nan na gyara ta zuwa tamu.

Da matar ta ɗago ta gan ni, sai ta ajiye ludayi. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Kai ɗan'uwansa ne."

Na ce, "Ƙanensa ne. Ummaru."

Ta ce, "Yana da ƙane." Ba tambaya ta yi ba, faɗa wa kanta take yi. Ashe ita ce Memuna, matar Garba. Ta bar wa maƙwabciyarta tukunya ta kai ni gida.

Gidan ɗaki biyu ne a zango, unguwar Hausawa. Ba mu daɗe ba yarinyar ta shigo, doguwa, 'yar shekara goma sha tara, da farfelar inji a hannu. Ta gama sakandare, kuma ita ke tuƙa jirgin ubanta ranar kasuwa, tana kai mata 'yan kifi ƙauyukan tsallake. Uwar ta ce mata, "Ga babanki daga Yawuri." Ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta saki farfelar ba. Na miƙa kwali. Da suka buɗe suka ga kifi, a garin da hayaƙin banda ke shiga ido tun daga bakin ruwa, sai suka dubi juna. Memuna ta yi godiya sosai. Yarinyar ta fita waje, na ji tana dariya.

Washegari bayan an kai ni kabarin Garba, muka zauna da Memuna a tsakar gida, yarinyar na wanke tukwane a gefe. Na tambaye ta abin da kowa ya yi ta tambaya tun daga Yelwa.

Ta ce, "Ba shi ya sa ba. Ni na sa."

Ta ce shekara ashirin da biyu suka yi tare, bai taɓa ambaton uwa ko uba ko ɗan'uwa ba. In ta tambaya sai ya tashi ya tafi bakin ruwa. Abu ɗaya ta sani, sunan garinsu, shi ma a wurin ɗaurin aure ta ji da liman ya tambaye shi. Ranar suna ya raɗa wa liman sunan da yake so, aka yanka rago. Daga ranar kuma bai sake furta shi ba. In zai kira jaririyar sai ya ce "ke".

Na ce, "Wane suna ne?"

Ta faɗa. Ba zan rubuta shi ba, domin sunan Inna ne.

Ta ce, "Na gane na uwarsa ne, tunda bakinsa ba ya iya ɗauka. To yarinya ba ta zama ba abin kira. Na zauna na yi tunani. Mutumin nan in ya faɗi yau, ɗiyata ba ta da kowa ta wajen uba, ban san ƙofar da zan buga ba. Garin nan kuwa baƙi ke shigowa kullum daga ko'ina. Na ce bari in sa mata sunan garinsu, in yi ta kiranta da ƙarfi a rumfa. Wata rana wani zai ji ya waiwayo."

Na ce Garba fa, me ya ce?

"Wata uku bai ci abincina ba. Daga baya shi ya fi kowa kiranta."

Na juya wurin yarinyar na ce ita ya take ji da sunan. Ta ce a makaranta ta sha wuya, yara na ce mata 'yar Nijeriya, malamai kuma kowa da yadda yake karanta shi. Akwai shekarar da ta ce a koma kiranta da na yanka, ubanta ya ce in ta sake faɗa zai fasa koya mata inji. Ta ce, "Yanzu na saba. Amma kamar an ba ni ajiyar wani ne, ban san mai ita ba."

Ban shirya faɗin abin da na faɗa bayan wannan ba. Memuna ce ta ce, "To yanzu kai faɗa min. Me ya yi muku?"

Na ba ta labarin jirgin yadda kowa ya sani. Sannan na ba ta yadda aka yi. Ina da shekara goma sha bakwai, na yi ta roƙon Garba ya bar ni in riƙe inji, baba kuwa ya hana. Ranar, da muka wuce tsibiri, Garba ya ba ni ya koma gaba yana gyara buhu. Ya nuna min inda zan bi. Ni na ga hanya ta fi kusa ta hagu. Da muka fito daga ruwa muna haki, kafin mutane su iso, ya ce min, "Kai ba ka taɓa inji ba. Ka ji ko?" Na ce na ji. Ina tsaye a bayan baba lokacin da ya kore shi.

Wanke-wanken ya tsaya. Memuna ta ce bai taɓa faɗa ba, ko da yana jinya. Ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Yarinyar ta ci gaba da wankinta. Ba wadda ta zage ni, ba kuma wadda ta ce ba komai.

Kwana biyar na yi a Yeji. Memuna ta yarda yarinyar ta biyo ni ta ga kakarta, da sharaɗin ta dawo kafin ruwa ya sauka sosai, don jirgi ba ya zama ba mai shi. Komowa a motocin haya muka yi, ba abin da ya faru sai a tashar Koko. Muna sauka 'yan kamasho suka taso suna ihu, "Yawuri! Yawuri! Saura mutum ɗaya!" Ta juya a firgice ta amsa. Wani ya sake ƙwalawa ta bayanta, ta sake juyawa. Sai da ta riƙe hannun rigata muka shiga mota.

Da muka shigo Yelwa ta yi ta leƙe ta taga, 'yan kabu-kabu, kasuwa, buhunan albasa a bakin titi. Na ce ya ta gani. Ta ce, "Na ɗauka ya fi haka girma." Can kuma ta ce, "Warinsa irin na gida ne."

Inna na zaune a kan tabarma. Yarinyar ta durƙusa, Inna ta shafa fuskarta da hannu biyu, ta kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Mi ne sunanki na gaskiya?" Ta faɗa mata. Inna ta ce da matata a kawo wa takwararta ruwa. Tun daga ranar Takwara take ce mata. Sauran unguwa suka rabu, wasu na jin daɗin kiran sunan, wasu na cewa bakinsu ba ya sakewa. Matata, da ta ce sunan motar haya ne, ita ta fi kowa yawo da ita gidajen dangi.

Ana saura kwana uku ta koma, ta ce in kai ta inda jirgin ya nutse. Na ari jirgin wani abokina muka fita da hantsi. Ruwa ya ja, kututture sun fito ko'ina. Da muka wuce tsibiri ta ce in ba ta inji. Na ba ta. A tsaye take tuƙi, gwiwa a jikin katako, ba ta kallon gaban jirgi sai can nesa. Na nuna mata wurin. Ta rage wuta, ta kewaya shi sau ɗaya ta dama, ta kashe inji. Ba abin gani, ruwa ne da baƙin itace.

Ta ce, "Baba, Inna ta sani?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ni ba zan faɗa mata ba. Ba labarina ba ne." Ta ja igiya, inji ya tashi.

Da la'asar na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata duka. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo carbinta ta riƙe, ba ta ja ba.

Ta ce, "Shekara ashirin da takwas ina jin haushin ubanku shi kaɗai. Ashe ku biyu ne, kai da shi." Sannan ta ce in tashi in turo mata Takwara.

Ranar Alhamis na raka yarinyar har Tsamiya, na haɗa ta da wata mata mai zuwa Yendi. Ta kira ni da ta isa. Tana kiran Inna duk Juma'a a wayar matata, su daɗe suna magana, ɗaya na Hausar Gana ɗaya na tamu, ban san yadda suke fahimtar juna ba.

Ni kuma sati uku ina shiga gaishe da Inna safe da yamma. Tana amsawa, "Lafiya lau," ta tsaya nan. Ba ya aiki, ba ya yara. Shekaranjiya da na gaishe ta na miƙe zan fita, sai ta ce, "Ummaru, ƙyauren nan yana kuka in an buɗe."

Na je rumfa na ɗauko mai da sukuddireba na gyara shi. Tana zaune tana ji har na gama.